Yadda Ake Mayar da Ƙaramin Jirgin Iska Kan Ruwa Bayan Ya Daɗe a Ajiye

Ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska, idan ya shekara biyu ko uku a ajiye a bayan gida, yakan yi kyan gani daga nesa har mai shi ya ɗauka cewa wanki kawai yake buƙata kafin a kai shi bakin tafki. Wannan zato yana da haɗari, domin ɓarnar da ajiya take yi wa jirgi tana ɓuya ne a ƙarƙashin fenti da cikin lungunan da ido ba ya kaiwa, kuma duk abin da aka ƙi dubawa a tudu zai bayyana kansa a tsakiyar ruwa, inda babu guduma, babu gam, babu kuma wurin tsayawa.

Jirgin da zan kafa misali da shi shi ne wanda ake kira Mirror, saboda shi na sani ciki da bai, ko da yake yawancin abin da zan faɗa ya shafi kowane ƙaramin jirgi irinsa. Jack Holt da Barry Bucknell ne suka tsara shi a Ingila a shekarar 1962, jaridar Daily Mirror kuma ta ɗauki nauyin tallata shi, shi ya sa ƙyallensa ja ne kamar tambarin jaridar. Tsawonsa mita 3.3 ne, faɗinsa kusan mita 1.4, nauyin gangar jikinsa kuma kilo 45 da 'yan kai, don haka mutum biyu suna iya ɗaukarsa. An yi shi da siraran allunan filawud waɗanda aka ɗinke da wayar jan ƙarfe, sannan aka bi ɗinkin da zaren faiba da gam. An ƙera fiye da 70,000 a duniya.

Da yake kwale-kwalen da muka saba gani da filafili ko gora ko inji ake tuƙa shi, ya kamata mu daidaita a kan sunayen sassan wannan jirgi tun yanzu. Akwai babban ƙyalle da ƙaramin ƙyalle na gaba, su ne suke kama iska. Akwai ginshiƙi da ke tsaye a jirgi, wayoyi uku suna riƙe da shi, ɗaya a kowane gefe, ɗaya kuma a goshi. Akwai sandar kwance da ke miƙe ƙasan babban ƙyalle, da sandar sama da ke ɗaga kansa har ya zarce tsawon ginshiƙi. Akwai allon tsakiya da ake zurawa ta cikin wani akwati ya leƙa ƙarƙashin jirgi don ya hana shi zamewa gefe, da allon tuƙi a baya tare da mariƙinsa. Sai igiyar riƙo, wadda matuƙi ke janyo babban ƙyalle ko ya sake shi da ita, kuma a kanta ne rabin wannan bayani zai tsaya.

Aikin tudu

A fara da fito da jirgin fili a rana, a ɗora shi a kan tsofaffin tayoyin mota, a wanke shi da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Daga nan sai a ɗauki sukudireba a bi jikinsa taƙi-taƙi, ana ƙwanƙwasawa da gindinta ana saurare. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dakushe yake, kamar an bugi jiƙaƙƙen buhu. Duk inda aka ji shakka sai a juya sukudirebar a danna bakinta a hankali. Ranar da na fara yi wa nawa wannan bincike, na riga na gama gefe biyu ina murna, sai na zo gindin akwatin allon tsakiya, inda fenti yake sumul babu ko tsaga, ina dannawa ƙarfen ya shige kamar a cikin dafaffen rogo. Ruwan sama ne ya riƙa taruwa a wurin shekara da shekaru saboda an ajiye jirgin a buɗe fuskarsa sama, kuma wannan wuri shi ne daidai inda duk nauyin mutum yake komawa idan jirgi ya kife ana ƙoƙarin tayar da shi.

Wuraren da suka fi ruɓewa sanannu ne, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci: kewayen wannan akwati, da ƙasan jirgi inda ruwa ke kwanciya, da allon baya wanda allon tuƙi ke rataye a jikinsa, da gurbin da ginshiƙi ke zama. A ƙasashenmu akwai ƙarin abokan gaba biyu. Gara tana iya cinye cikin katako ta bar fatar fenti tsaye, don haka a duba ko akwai hanyoyinta na ƙasa a jikin jirgin. Hunturu kuma yana busar da katako har ɗinki ya buɗe, zaren faiba ya ɗago daga jikin allo. A sa farce a gefen zaren. Idan ya ɓantaru cikin sauƙi, to a ɓare shi duka a sake sabo, domin liƙa sabo a kan tsohon da ya saki ɓarnar gam ce kawai.

Gyaran ruɓa ba ya son tausayi. A yanke wurin har sai an isa katako mai ƙwari ta kowane gefe, a sassaƙe bakin ramin a karkace yadda faɗin karkatar zai kai kamar ninki takwas na kaurin allon, a yanko sabon filawud mai jure ruwa a sassaƙe shi daidai da ramin, sannan a haɗa da gam na ifoksi a bi bayansa da zaren faiba ciki da waje. Filawud ɗin da ake yin silin ko kabad da shi ba zai yi ba, yana shan ruwa zai rabu falle-falle. Ifoksi ruwa biyu ne ake gaurayawa, kuma dole a bi ma'aunin da aka rubuta a jikin gwangwani ba tare da ƙari ko ragi ba. A lokacin zafi yana daskarewa da sauri, har kofin da aka dama shi ya ɗauki zafi, saboda haka a riƙa dama kaɗan-kaɗan, a yi aikin da sassafe ko da yamma a inuwa, a kuma sa safar hannu. Idan ya bushe a goge da samfefa a shafa fenti ko banish, domin rana tana cin ifoksin da aka bari tsirara. Duk ƙusa ko noti da za a sa ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Abin da ke hana Mirror nutsewa shi ne akwatunan iska guda huɗu da aka gina a jikinsa, ɗaya a goshi, ɗaya a baya, biyu a gefe. Idan suna yoyo, jirgin zai yi tafiyarsa lafiya har ranar da ya kife, a ranar ne kuma za a gane. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a shafa ruwan kumfar sabulu a duk ɗinkin akwati, a hura iska da baki ta ramin toshiya, wato ɗan ramin da ake zubar da ruwan akwatin ta cikinsa, wani yana kallon inda kumfa za ta taso. Kada a yi amfani da famfon taya, ƙarfinsa yana iya fasa ɗinkin. Bayan an toshe duk inda ya nuna, sai a yi gwaji na biyu a ruwa mara zurfi: a kwantar da jirgin a gefe ɗaya na wasu mintoci, a juya ɗaya gefen, sannan a fito da shi a buɗe toshiya a ga yawan ruwan da ya shiga. Ɗan cokali ba komai ba ne, amma idan ruwa ya zubo kamar daga buta, aiki bai ƙare ba.

Wayoyin ginshiƙi kuwa a bi su da tsumma a hannu, kada a bi da tafin hannu tsirara. Duk inda tsumma ya maƙale, silin waya ya tsinke, kuma wayar da sili ɗaya ya tsinke a cikinta canja ta ake yi. A duba 'yan ƙusoshin da ke haɗa waya da jikin jirgi, a tabbata kowace tana da zobenta na kulle, a naɗe ta da salatif, domin ƙusa ɗaya mai tsawon gaɓar yatsa idan ta zame ginshiƙi gaba ɗaya ne zai faɗi. A leƙa cikin kwarmin sandar sama, inda bakin ƙyalle ke shiga; a nawa na tarar zanzaro ya gina ɗakunansa na laka a jere, sai da na bi da waya na kankare kafin ƙyalle ya wuce. Igiyoyin da suka yi tauri, ko suke zubar da gari idan an murza su, rana ta gama da su. A ƙarshen kowace igiyar ƙyalle a yi ƙulli mai siffar 8 don kada ta zare ta gudu daga cikin 'yar tayarta.

Shi ƙyalle a shimfiɗa shi a kan tabarma a bi ɗinkinsa da farce. Sau da yawa zare ne yake mutuwa kafin yadin, kuma mai ɗinkin tamfol zai iya maimaita ɗinkin idan an ba shi zaren roba mai ƙarfi aka kuma roƙe shi ya bi tsohon layi ba tare da ya tattare yadin ba. Inda ɓera ya ci a yi faci ta fuska biyu. Idan yadin da kansa yana yagewa da ɗan ja kaɗan, to ya gama aiki, faci ba zai cece shi ba.

Kayan da ba a shiga ruwa sai da su ba su da yawa: rigar kariya daga nutsewa ga kowane mutum, a jiki kuma a ɗaure tun daga tudu, da filafili, da jarkar da aka yanke don kwarfe ruwa, a ɗaure ta da igiya a jikin jirgi, da usur, da ruwan sha, da doguwar igiya a goshi don ja. A gaya wa wani a tudu inda za a nufa da lokacin dawowa. Kafin a tsayar da ginshiƙi, ko a tura jirgi ginshiƙi na tsaye, a ɗaga kai a duba ko akwai wayar lantarki a sama, domin wannan ganganci ya kashe matuƙa a busasshiyar ƙasa tun ba su taɓa ruwa ba.

Sanin iska

Tambayar farko da matuƙi zai riƙa yi wa kansa, daga lokacin da ya iso bakin ruwa har ya koma, ita ce daga ina iska take busowa. Ana gane haka da hayaƙi, da kwanciyar ciyawa, da sanyin da ake ji a kunne idan an juya fuska, kuma yana da kyau a ɗaura ɗan zaren ulu a kowace wayar gefe don ya riƙa nunawa. Sai tambaya ta biyu, wato ƙarfinta. Ma'aunin da Francis Beaufort, wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, ya tsara a shekarar 1805 har yau da shi ake aiki, saboda yana haɗa lamba da abin da ido ke gani. Mataki na 2, kilomita 6 zuwa 11 a awa, shi ne iskar da ake ji a fuska ganye yana motsi. Mataki na 3, kilomita 12 zuwa 19, ganye ba ya tsayawa, farin kumfa yana ɗan leƙowa jefi-jefi a kan ruwa. Mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28, yana tayar da ƙura da takardu, farin kumfa kuma ya yawaita. Ga jirgin da aka gama gyarawa da matuƙin da hannunsa ya kwana biyu bai riƙe igiya ba, mataki na 2 zuwa na 3 ya isa, na 4 kuwa a bar shi sai an saba.

Dalilin wannan taka-tsantsan lissafi ne. Nauyin da iska ke ɗora wa ƙyalle ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, ninkuwa yake yi: idan gudun iska ya ninka biyu, nauyin ya ninka huɗu. Iskar da ta tashi daga kilomita 15 zuwa 21 a awa, wadda mai tafiya a ƙasa da ƙyar zai lura da bambancinta, ta riga ta kusa ninka abin da ƙyalle ke ɗauka. Babban ƙyallen Mirror murabba'in mita 4.6 ne, ƙaramin kuma 1.9, kuma jirgin yana da gurbin ginshiƙi biyu, ta yadda mutum ɗaya zai iya matsar da ginshiƙi zuwa gurbin gaba ya fita da babban ƙyalle kaɗai. Rage ƙyalle a tudu aikin minti biyar ne, a tsakiyar ruwa kuwa iska tana kaɗawa wahala ce babba.

Iskar da ke busowa daga tudu zuwa cikin ruwa ita ce mai yaudara. A bakin gaɓa ruwa yakan kwanta lumui saboda bishiyoyi da tudu sun tare ta, jirgi ya fita cikin sauƙi, sai an yi nisa a tarar da ainihin ƙarfinta, ga shi kuma komawa gida gaba da iska ne. Ƙa'idata a fitar farko ita ce in fara nufar ɓangaren da iska take fitowa, yadda idan wani abu ya karye ko na gaji, ita da kanta za ta koro ni gida.

Ana ɗaga ƙyalle ne goshin jirgi yana fuskantar iska, igiyar riƙo a sake, don ƙyallen ya yi ta kaɗawa ba tare da ya ɗauki nauyi ba. A ja sandar sama har ta manne da ginshiƙi, domin idan ta yi sako-sako ƙyalle zai yi jaka ya ƙi tafiya gaba da iska. A tabbata an mayar da duk toshiyar akwatunan iska. Sannan a tura jirgi zuwa ruwa iya gwiwa, a sauke allon tuƙi, a zura allon tsakiya gwargwadon zurfin wurin, a hau.

Jirgin iska ba ya iya nufar iska kai tsaye. Akwai kusurwa ta kimanin digiri 45 ta kowane gefen inda take fitowa wadda ƙyalle ba ya kama komai a cikinta, don haka mai son zuwa can sai ya yi tafiyar karkace, ya nufi dama na wani lokaci ya juyo hagu. Mafi sauƙin tafiya ita ce wadda iska ke bugun jirgi daga gefe, kuma da ita ya kamata a fara, a yi ta kai da komo tsakanin alamu biyu har hannu ya tuna aikinsa. Matuƙi yana zama a gefen da iska ke fitowa, yana fuskantar ƙyalle, hannu ɗaya a mariƙin tuƙi ɗaya a igiyar riƙo. Mariƙin tuƙi a juye yake aiki, idan an tura shi hagu goshi ya nufi dama. Daidaita ƙyalle kuwa hanya ɗaya ce a kowace tafiya: a saki igiya har bakin ƙyalle na kusa da ginshiƙi ya fara rawa, sai a janyo kaɗan har rawar ta tsaya. Yawancin masu koyo suna janye ƙyalle fiye da kima saboda suna jin kamar ƙarfi ke nan, alhali jirgin kwanciya kawai yake yi yana jan ƙafa. Allon tsakiya ana sauke shi duka idan ana tafiya gaba da iska, rabi idan tana gefe, a ɗaga yawancinsa idan tana baya.

Wannan jirgi ba shi da birki, sakin igiya shi ne birkinsa. Saboda haka igiyar riƙo ba a ɗaure ta a jikin jirgi, ba a kuma naɗe ta a hannu, ana riƙe ta ne yadda buɗe yatsu kawai zai sake ta. Iska ba ta busawa bai ɗaya, tana zuwa ne bugu-bugu, kuma kowane bugu yana aiko da sanarwa: wani duhu-duhu mai yamutsi yana gudu a kan fuskar ruwa yana nufo jirgi. Wanda yake kallon ɓangaren da iska ke fitowa zai gan shi da sauran daƙiƙoƙi a hannunsa. Idan ya iso, sai matuƙi ya sa ƙafafunsa a ƙarƙashin maɗaurin ƙafa ya miƙa jikinsa waje, ya saki igiya kamar kamu ɗaya ko biyu, ya ɗan karkata goshi wajen iska, yana wucewa kuma ya janyo abinsa. Tsoro yakan sa mutum ya ƙanƙame igiya ya janyo ta jikinsa a daidai lokacin da ya kamata ya sake ta, kuma mafi yawan kifewar masu koyo daga nan take. Shi ya sa nake ganin ya dace a maimaita sakin igiya da gangan sau da yawa a iska mai laushi, har ya zama hannu yana yi kafin tunani ya iso. Idan ana son hutawa, sai a juya jirgi iska tana gefensa a saki ƙyallaye duka biyu, zai tsaya yana kaɗawa.

Juyawa iri biyu ce. Ta farko ita ce a ratsa da goshi ta cikin iska: a tabbata jirgi yana da gudu, a duba baya da gefe, a sanar da abokin tafiya, a tura mariƙin tuƙi wajen ƙyalle, a sunkuya sandar kwance ta wuce ta sama, a koma ɗaya gefen, sannan a miƙe tuƙi. Idan gudu ya yi kaɗan jirgi yakan maƙale goshinsa a cikin iska ya fara ja da baya. Maganinsa a tura sandar kwance da mariƙin tuƙi zuwa gefe guda, a jira goshi ya kauce, sannan a janyo su. Ta biyu ita ce a ratsa da bayan jirgi, kuma ita ce mai haɗari, domin ƙyalle ba ya sauke nauyinsa, sandar kwance tana tsallakowa ne da ƙarfi lokaci ɗaya, tana iya fasa kai ko ta kifar da jirgi. A Mirror akwai ƙarin abin lura: allon tsakiya idan an ɗaga shi da yawa yana tare hanyar sandar, don haka a sauke shi yadda za ta wuce kafin a juya. Idan iska ta yi ƙarfi babu abin kunya a bar wannan juyi, a zagaya ta doguwar hanya a ratsa da goshi.

Hunturu da hadari

Wanda zai tuƙa a tafkunan Afirka ta Yamma yana da yanayi biyu da zai sani. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, takan ƙarfafa da hantsi ta lafa da yamma, kuma hazonta yana iya ɓoye gaɓa, saboda haka kada a yi nisan da alamar tudu za ta ɓace. Jiƙaƙƙen jiki a iskar hunturu yana sanyi da sauri, a tafi da rigar da ke tare iska.

Hadari ya fi wannan tsanani, musamman a farkon damina da ƙarshenta. A damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take zuwa, manyan hadura kuwa daga gabas suke tasowa su nufi yamma. Wannan saɓani shi ne tarkon, domin matuƙi yana ganin baƙin gajimare a gabas, yana jin iska tana busawa zuwa wajen gajimaren, sai ya ɗauka korar gajimaren take yi. Na taɓa faɗawa wannan kuskure wata rana da la'asar. Na ga masunta suna naɗe komarsu suna nufar gaɓa, wani dattijo a cikinsu har ya ɗago filafili yana nuna mini gabas, amma na ga iska tana tare da ni na ci gaba. Can sai ta ɗauke ɗif, ƙyalle ya rataye, ruwa ya yi kamar madubi, sannan wani sanyi ya bugo ni a wuya daga gabas. Na samu na sauke babban ƙyalle kafin ƙurar ta iso, na kwanta a cikin jirgi ina riƙe da tuƙi har ta jefa ni cikin ciyawar wata gaɓa mai nisa da inda na fito. Tun daga ranar, baƙin gajimare a gabas ko ganin masunta suna komawa ya ishe ni dalilin juyawa. Tsawa ma tana ba da ma'auni, domin ƙara tana tafiyar kusan kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3. Idan tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, kuma ginshiƙi shi ne abu mafi tsawo a kan ruwa. A duba hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, kafin a fita, amma ido ya ci gaba da aikinsa.

Tafkunan madatsun ruwa suna da nasu tarko a ƙarƙashi. Tafkin Volta na Ghana ya shahara da kututturan bishiyoyin da ruwa ya shanye bayan gina madatsar Akosombo a 1965, kuma duk inda aka tare kogi ruwa ya hau daji ana iya samun irinsu, musamman idan ruwa ya ja baya da rani. A tambayi masunta ko sarkin ruwan wurin ina kututture yake, ina aka shimfiɗa raga, ina kuma dorina take zama.

Idan jirgi ya kife

Kifewa tana cikin tuƙin ƙaramin jirgi, kuma gara a gwada ta da gangan a ranar da iska ta kwanta, kusa da gaɓa, wani jirgi yana tsaye a gefe. Doka ta farko ita ce kada a rabu da jirgi ko da gaɓa tana kusa a ido, domin jirgi yana yawo a saman ruwa kuma ana hango shi daga nesa, kan mutum kuwa ba a hango shi, iska kuma tana iya tura jirgin da ba kowa fiye da saurin mai iyo. A fara kiran abokin tafiya a tabbata yana lafiya kuma igiya ba ta harɗe shi ba. A saki igiyar riƙo gaba ɗaya, in ba haka ba ƙyalle zai ɗebo ruwa ya ƙi tashi, ko jirgi ya tashi ya gudu. Sai mafi nauyi ya zagaya ta baya yana dafe da jirgi, ya kama allon tsakiya, ya taka shi kusa da jikin jirgi don kada ya karye, ya kama bakin jirgi na sama ya jingina baya a hankali. Ɗayan yana kwance a ruwa ta cikin jirgi ba tare da ya rataya a jikinsa ba, yadda idan jirgin ya tashi zai ɗebo shi ciki, shi kuma ya taimaki na waje ya hau. Daga nan sai kwarfe ruwa kafin a ja ƙyalle. A ruwa mara zurfi kan sandar sama yakan cake a laka idan jirgi ya juye gaba ɗaya, kuma ɗaura robar ruwa babba wadda ba komai a cikinta a can ƙoli yana hana hakan.

Wajen dawowa, idan iska tana korowa zuwa gaɓa, kada a shigo da babban ƙyalle a ɗage, domin babu yadda za a tsayar da jirgi. A juya goshi cikin iska tun da sauran tazara, a sauke shi, a ƙarasa da ƙaramin ƙyalle ko da filafili, ana ɗaga allon tsakiya da allon tuƙi kafin su taɓa ƙasa. Wanda ya shiga ruwan tafki mai ciyawa ya yi wanka da sabulu ya goge jiki da ya fito, kuma idan daga baya ya ga jini a fitsari ya je asibiti a duba tsargiya, tana da magani.

Shi kuma jirgin a sake bin sa da ido a ranar, musamman wuraren da aka yi faci da gindin wayoyi, a ga ko wani abu ya motsa. A buɗe toshiyar akwatunan iska don su sha iska, kada zafin rana ya kumbura su ya buɗe ɗinki. A shanya ƙyallaye su bushe kafin a naɗe, a sa su a buhu a rataye inda ɓera ba ya kaiwa. Sannan a kife jirgin a kan tayoyi a inuwa, nesa da ƙasa saboda gara, a rufe shi da tamfol ta yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi.